Sanƙon Ɗan Majalisa Bong

Ni mai aski ne, sunana Ma Chun-bae, shagona yana bayan majalisar Koriya ta Kudu, a unguwar Yeouido ta birnin Seoul, tsakanin mai miyar ƙashin sa da mai yanka hatimi. Da askin talakawa nake cin abinci, amma sunan da na yi a kan kawunan 'yan siyasa na yi shi. Duk ɗan majalisar da ransa ya ɓaci har ya ga baki ba zai isar ba, ni yake aika wa. A kafa kujera a gindin matakala, a ɗaura masa farin ƙyalle a wuya, in kunna kilifa in ratsa ta tsakiyar kansa, shi kuma ya runtse ido ya matso hawaye, masu hoto su yi ta haska shi. Washegari kowace jarida ta ɗauka, a ce lallai abin ya kai intaha tunda har wane ya zubar da sumarsa. Na aske 'yan mazan jiya, na aske 'yan neman sauyi, kuma duk amosaninsu iri ɗaya ne.

Mutum ɗaya ne a duk majalisar ba ni da abin da zan yi masa, kuma shi na fi ƙauna. Sunansa Bong Gil-su.

Unguwa ɗaya muka tashi a Masan, bayan kasuwar kifi. Na ɗan girme shi, shi ya sa har gobe Yaya yake ce mini. Da kansa na koyi aski, don lokacin yana da suma mai cika hannu. Sai ya ƙwallafa rai a kan zama lauya, ya kulle kansa a wani ɗan ɗakin haya da ko miƙe ƙafa ba a yi sosai, ya faɗi jarrabawa, ya sake faɗuwa, ya sake, sannan ya ci. Ya shiga ɗakin nan da suma, ya fito da takardar lauya da kai kamar dafaffen ƙwai. Da mahaifiyarsa ta gan shi ta fashe da kuka, har yau ba mu san ko na murna ne ko na kan ba.

Abokan karatunsa suka tafi manyan ofisoshi masu sanyi. Shi kuwa ya buɗe nasa a saman wani shagon taliya kusa da masana'antun Changwon. Masu walda da inji ya cinye wa yatsu, matan da aka kora don sun yi ciki, direbobin da bacci ya kwashe a kan sitiyari, su ne mutanensa. Ladansa busasshen kifi da kimchi, tsimammen kabejin nan namu. Matarsa takan ce ta auri lauya ta tsinci kanta a rumbun tsimi.

A nan Inna Sun-rye ta same shi. Gwak Sun-rye, mai dafa abinci a wata makarantar sakandare. Tun tana amarya take tsaye a kan ƙaton kaskon mai, tana soya wa makaranta guda kifi da nama a kicin marar taga, fankar zuƙe hayaƙi kuwa ta mutu tun zamanin wani shugaban makaranta da shi ma ya mutu. Ba ta taɓa riƙe taba ba. Tari ya kama ta, likita ya ce ciwon dajin huhu ne. Da aka bincika sai ga irinta birjik a kicin-kicin na makarantu. Gil-su ya kai ƙara, ya yi magana har muryarsa ta dishe, alƙali ya ce ya tausaya ƙwarai, amma doka ba ta san hayaƙin mai a matsayin cuta ba.

A ƙofar kotu shi ke kuka, ita ke lallashi.

"Inna, tunda dokar ce babu, zan je in yi ta da hannuna," in ji shi.

"To, Barista. Amma fara cin wannan tukuna, tun safe ba ka sa komai a bakinka ba."

Haka ya shiga siyasa, da dunƙulen shinkafa a baki. Ya tsaya a wata 'yar jam'iyyar ma'aikata, ya yi ta rusuna wa motoci a mahaɗar titi, rana tana dukan sanƙo har direbobi suna ƙorafin yana kashe musu ido. Ya ci. Ranar rantsuwa masu girkin suka ciko bas suka zo Seoul, suka yada zango a shagona. Inna Sun-rye ta cire hularta za ta wanke fuska, sai gashi ya warware ya sauko har ƙugu, baƙi wuluk da 'yar furfura jefi-jefi. Na yi shekaru ina sana'ar nan, ban ga mai kaurinsa ba. Ta ga ina kallo ta ce, "Kar ka cinye shi da ido, mai aski. Rayuwarsa duk a ƙarƙashin hula ya yi ta. Ko marigayi mijina bai cika ganinsa da rana ba."

Gil-su ya rubuta ƙudirinsa: a sa fanka mai aiki a kowane kicin na makaranta, a duba huhun masu girki, wadda ta kamu a ɗauke ta a matsayin wadda aiki ya raunata. Ƙudiri ya shiga kwamiti ya kwanta. 'Yan jam'iyyarsa duka-duka tasi ɗaya za ta kwashe su, har direba ya ɗauki wani fasinja a hanya. Wa zai saurare su? Shekaru suka shuɗe, wa'adin majalisa ya zo gangara, kuma kowa ya sani, duk ƙudirin da wa'adi ya ƙare yana kwance to ya mutu, sai a faro daga farko. Inna Sun-rye kuwa tana kwance a asibiti, ba ta da numfashin jiran wata majalisar.

Gil-su ya kira taron manema labarai. Mutum ɗaya ya zo, shi ma wurin cajin waya yake nema. Ya shiga yajin cin abinci, sai ya tarar rumfunan masu yajin sun riga sun cika gaban majalisa, aka ba shi gurbi a bayan banɗaki, ga shi da ciwon suga, kafin a je ko'ina ya kife. Jarida ta buga hoton maƙwabcinsa. Ya ce to zai yi tattakin nan na masu zanga-zanga, wanda duk taku uku ake kai goshi ƙasa. Shi kaɗai a bakin titi, yana tafiya yana durƙusawa, sai mutane suka zaci makulli ya yar, suka taru suna taya shi nema. Har wani ɗan sanda ya kawo tocila da rana tsaka.

Wani tsohon mai ɗaukar hoto ne ya gaya masa gaskiya. "Onarabul, ka daina wahalar da gwiwarka. Kawo mana gashi ya zuba, mu ba ka shafin farko."

Shugabar ofishinsa, Seol Mi-ran, ta jawo shi shagona. Mace ce da ta tsufa a ƙungiyar ƙwadago, ban taɓa ganin haƙorinta ba. Ta zaunar da shi ta nuna kansa.

"Malam Ma, me za ka iya cirewa a nan?"

Na sa tabarau na zagaye shi. "Sai dai in goge muku shi."

"Yaya, gira fa?" in ji Gil-su. "In an aske gira ai gashi ne."

"In an aske maka gira ɗan daba za a ce kai ne," in ji ta. "Rufa mana asiri."

Ta ɗora shi a kan baƙin wake da baƙin riɗi da ganyen teku, safe da yamma, ana bubbuga masa kai da buroshi. Gashi kam ya fito, ba laifi, amma a kunne da hanci.

Rannan sai ga ta da kwalin wainar shinkafa a hammata. Ta buɗe, hular gashi ce a ciki. Ta ce ga dabara: zai sa ta ya yi ta yawo da ita har idon mutane ya saba, sannan a kafa kujera in aske. Gil-su ya miƙe, lauyan cikinsa ya motsa, ya ce wannan yaudarar jama'a ce.

"Wa ka yaudara? Akwai wanda bai san kai mai sanƙo ba ne daga nan har tsibirin Jeju? Zauna."

Na shafa gam na ɗora masa, na daidaita gefe da ƙeya. Gashin mutum ne na gaske, mai nauyi. Na tambaye ta inda ta samo, ta ce in yi aikin da ke gabana. Na juya shi ga madubi. Ya ɗaga hannu a hankali ya taɓa goshi, ya ture wani sili gefe. Tun a nan gabana ya faɗi.

Washegari mai gadin majalisa ya hana shi shiga, ya ce wanda ke jikin katin ba shi ba ne. Kafin a sasanta 'yan jarida sun yi dafifi. Mutumin da ya suma a bayan banɗaki ba wanda ya leƙa, yau ga makirufo har cikin hancinsa. Gidajen talabijin suka tara masana: shin in aka aske hular gashi, an yi sadaukarwa ko ba a yi ba? Wani farfesa ya ce gashin da ba ya da saiwa ba ya da murya. Wani malamin addinin Buddha, wanda shi ma kansa ƙwal yake, ya ce a bar bawan nan ya sha iska. Shugaban kwamitin da ke danne da ƙudirin ya ritsa Gil-su a banɗaki, ya leƙa ko'ina ya ga ba kowa, sannan ya matso ya raɗa masa, "Don Allah wane irin gam kake sawa? Nawa yana ɗagawa in na yi gumi." Maganar ƙudiri ko a bakinsa.

Farin jinin jam'iyya ya tashi. Shugabanta ya roƙi Gil-su kada ya taɓa gashin nan sai bayan zaɓe. In ya shiga kasuwa tsofaffi mata su ja shi su shafa, su cusa masa wainar kifi a baki. Ya sayi mataji yana yawo da shi a aljihun gaba, inda da yake sa biro. Ya koyi wani girgiza kai in zai fara magana. Abu ɗaya ne ya dame shi: ya ce duk inda ya shiga ƙanshin soyayyen kifi yake ji, ko a zauren majalisa, ga yunwa ba ta barinsa. Na wanke hular da sabulu kala-kala, ƙanshin yana nan. Har tumbi ya ajiye.

Aka sa ranar aski, ya ce ana hasashen ruwan sama. Aka sake sawa, ya ce an gayyace shi talabijin. Aka sake, ya ce ranar ba ta yi kyau a kalanda ba, shi da ko camfin mahaifiyarsa bai taɓa yarda da shi ba. Da ya zo in ƙara masa gam na kulle ƙofar shago.

"Gil-su, ka manta abin da ya sa aka ɗora maka abin nan?"

"Haba Yaya. Da gashin nan fa ake saurarona. Jiya ma na yi maganar ƙudirin a talabijin."

"Na gani. Suka yanke wurin suka nuno ƙeyarka."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Yaya, ka san iska? Shekaranjiya na tsaya a kan gada, iska ta shiga cikin gashin ta ɗaga shi. Rabona da jin haka tun ina saurayi. Matata ta sa hannu a kaina muna kallon talabijin. Ba ta taɓa ba, wai da santsi yake mata."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma ya fi. Na ce masa matar da ya yi wa alkawari ita ma iskar take nema, ta tiyo ake ba ta. Ya miƙe, na buɗe masa ƙofar. Amma da zai fita sai da ya tsaya a madubi.

Mi-ran ba ta ƙara shawara da shi ba. A makon ƙarshe na zaman majalisa ta aika wa kowace jarida cewa gobe za a aske Bong. Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Har masu yajin cin abinci suka fito daga rumfunansu suna leƙe. Aka zaunar da shi, na ɗaura masa farin ƙyalle. Ina gwada kilifa ya jawo hannun rigata.

"Yaya, ka ɗan rage gefe-gefe kawai. Alama ce ai ake so."

Daidai lokacin wata bas ta tsaya. Masu girki suka sauko cikin fararen huluna da takalman roba, kamar daga kicin aka kwaso su. A gaba suna turo Inna Sun-rye a keken marasa lafiya, tiyo a hanci, ta rame har hular ta yi mata yawa. Jama'a suka dare. Aka kawo ta daf da kujera, ta ƙare wa Gil-su kallo sama da ƙasa.

"Barista, ka yi ƙiba."

"Inna, me ya fito da ke? Likita ya sani?"

"Likita ya je cin abinci." Ta tsaya ta ja numfashi. "Na gan ka a talabijin. Ta hagu kake raba shi. Ni ta tsakiya nake rabawa, amma ya karɓe ka."

Ta sa hannu ta zame hularta. Kanta fayau, magani ya share komai. Matan da ke bayanta su ma suka cire nasu ɗaya bayan ɗaya, kowacce gashinta a guntule kamar na sabon soja.

"Da likita ya ce zai zube, sai na ce a yanke tun yana da kyau," in ji ta. "Mi-ran ta ce na mutum ɗaya ba zai isa ba, kanka ƙato ne, shi ne 'yan'uwana suka cika. Aro muka ba ka don a aske, Barista. Ba cewa muka yi ka yi sabon aure da shi ba."

Na sha ganin hawayen 'yan siyasa, na san wanda ake matsowa. Wannan ba shi ba ne. Bakinsa ya karkace, majina ta zubo, ya yi muni ƙwarai. Ya ce, "Yaya, aske."

Sai hannuna ya ƙi. Ni da na zubar da sumar ministoci ina hamma, ga ni tsaye ina tuna ranar da gashin nan ya sauko har ƙugu a shagona.

"Kai mai aski, me kake jira?" in ji Inna. "Tukunyar iskar nan fa ba ta da yawa."

Na ratsa ta tsakiya, inda take rabawa. Gashi ya fara zuba a kan farin ƙyalle. Kilifa ta yi zafi, sai ƙanshin ya tashi: tsohon mai da soyayyen kifi, irin wanda ya daɗe yana shiga jiki. Ya cika matakalar nan. Duk wanda ke wurin ya ci abincin makaranta, kowa ya gane shi. Wani ɗan jarida a gaba ya sauke kyamararsa ya toshe baki. Da na gama, ragar da aka dasa gashin a jikinta ta rage manne a kan Gil-su, kamar kankana a cikin komar kifi. Abin dariya ne ƙwarai, kuma ba wanda ya yi.

Ya tattara gashin cikin ƙyallen, ya rungume, ya haura matakala da ragarsa a ka, masu girki na biye, takalman roba suna ƙiƙi-ƙiƙi a kan marmara. Ya shiga ofishin shugaban kwamiti ya buɗe ƙunshin a kan tebur. Mi-ran ta ce mutumin ya zabura, hannunsa ya kai kan nasa kan ya dafe, ya kasa saukewa har suka fita. Washegari ƙudirin ya fito daga kwamiti. Ranar ƙarshe aka haɗa shi da tarin wasu, ana karantowa ana buga guduma, kafin Gil-su ya gama gyara zama ya zama doka, an wuce wurin.

Inna Sun-rye ta ji a rediyo. 'Yarta ta ce cewa ta yi, "Af, shi ke nan?" sannan ta nemi a ba ta ruwa. Ba ta kai ƙarshen bazara ba. Ofishin shugaban kwamiti ya maido da gashin da takardar kayan tsintuwa. Da aka zo sa ta a akwati, 'yar jakar da ake zuba gashin mamaci a al'adarmu ta yi kaɗan, sai muka sa shi a kwalin wainar shinkafar muka ajiye a gefen kanta. Na yi kuka a wurin nan har Mi-ran ta miƙo mini hankici.

Zaɓe ya zo, Gil-su ya fito da sanƙonsa, ya sha ƙasa. Mutane suka ce ya tsufa farat ɗaya. Ya koma saman shagon taliya, masu walda suka ci gaba da hawowa da kimchi.

Da kaka na je Masan gaida kabarin iyayena, ya ce in raka shi wani wuri. Makarantar Inna ce. Aka ba mu fararen huluna muka shiga kicin. Sabuwar fanka tana ruri a saman kaskon mai, har sai an ɗaga murya. Wata daga cikin matan, gashinta ya ɗan fara tsawo, ta yi masa tsawa ta cikin ƙarar.

"Barista, ka ga abin da ka jawo mana! Yanzu ko gulma ba ma iya yi!"

Ya yi dariya. Ya matsa ƙarƙashin fankar, ya cire hular da aka ba shi, ya tsaya da kansa tsirara a inda Inna ta saba tsayawa. Hayaƙi yana tashi daga kasko yana wucewa sama bai taɓa fuskar kowa ba.

"Yaya," in ji shi, "zo ka ji iska."

Matar ta ce ya mayar da hularsa, doka ce. Ya ce ai ba abin da zai faɗa cikin abincin. Ta ce ita dai doka ta sani. Ya mayar.